Clara Ugbodaga-Ngu: Malamar Zane a Zariya

1.0 Gabatarwa

Zane ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa ake zanen bango da na ƙwarya da adon riguna. Sai dai zanen zamani, wato na fenti a kan ƙyalle ko takarda, ta hanyar makaranta ya shigo. Wannan darasi zai dubi rayuwar wata mace da ta ba da gudummawa wajen kafuwarsa a Arewacin Nijeriya.

1.1 Tasowarta da Karatunta

An haifi Clara Etso Ugbodaga-Ngu a Kano cikin shekarun 1920. Ta fara aikin koyarwa a makarantun mishan. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ba ta tallafin karatu zuwa Ingila, inda ta koyi zane a makarantar Chelsea da ke Landan, sannan ta sami shaidar malanta daga Jami'ar Landan.

1.2 Aikinta a Zariya

A 1955 ta kama aiki a Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A lokacin Turawa ne suka mamaye sashen zane, ita kuwa ga ta baƙar fata, ga ta mace. A zamaninta ne ɗaliban sashen, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya a 1958, da manufar haɗa dabarun Turawa da al'adun gida. Ita kanta ta zana matan kasuwa da mabarata, ta kuma baje kolin ayyukanta a Landan a 1958.

1.3 Kammalawa

Sunayen ɗaliban nan sun zaga duniya, nata kuwa ya daɗe bai fito ba. A 2024 an nuna wani zanenta na 1960 a babban bajen kolin zane na birnin Venice a Italiya. Malami tamkar tushen gini yake: ba a ganinsa, amma a kansa soro ya tsaya.

Auna Fahimta

1. Mece ce manufar Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya?
2. Ɗalibi ya yi hira da wata mai zanen ƙwarya ko ɗinkin hula a garinsu, misali Kibiya ko Rano, ya rubuta tarihinta a shafi ɗaya.