Darasi na Bakwai: Ɗaukar Baƙo Aiki a Idon Doka

Gabatarwa

Zariya ta daɗe da sanin baƙon ma'aikaci. Zuwan layin dogo ne ya bunƙasa Sabon Gari. Haka kuma Norman Alexander, shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Samaru a 1962, mutumin Niyuzilan ne.

Tanadin Doka

Dokar ƙasar da ake aikin cikinta ita ke hukunci. Mai makarantar da zai ɗauko malami daga ƙetare, sai ya nemi izini daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, malamin kuma ya karɓi takardar zama daga Hukumar Shige da Fice. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa wa 'yan ƙasashen ƙungiyar, domin suna shigowa ba biza har na kwana 90. Amma mai son zama ya yi aiki, wajibi ne ya yi rajista.

Sakaci da wannan yana da tsada. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida, har da malaman makaranta.

Auna Fahimta

1. Waɗanne takardu baƙon malami ke buƙata?
2. Wane darasi korar 1983 ta koyar?