Mu shuka zogala a gidajenmu

Ƴan uwa manoma, a ƙarshen rani ganye yakan yi wuya a Dumega, yara su rame. Zogala tana iya toshe wannan giɓi. Asalinta daga gindin duwatsun Himalaya ne, a arewacin Indiya. Sau ɗaya ake shuka ta, a ci amfaninta shekaru da yawa. Ganyenta yana ƙara jini, yana kuma kare lafiyar ido.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu haƙa rami mai zurfin kamu 2, mu cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki.
2. Mu sa ƙwaya 2, zurfin gaɓar yatsa. Takan tsiro cikin mako 2.
3. Mu kewaye ta da ƙaya, domin awaki ba sa barin ta.
4. Mu ba ta ruwa daidai. A Dallol Mawri ruwa yana kusa, amma idan ya kwanta a gindinta, saiwa za ta ruɓe.
5. Idan ta kai ƙugu, mu tsinke kanta, don ta yi rassa.

Lokacin ɗari girmanta yakan ragu. Kada mu sare ta, za ta farfaɗo idan zafi ya shigo. Mu bar itace ɗaya ya yi fure, domin mu samu iri. Ganyen da za mu ajiye, a inuwa za mu shanya shi, domin rana tana rage amfaninsa.

Tambaya: Me ya sa ake tsinke kan zogala?