Karayar da Ta Ƙi Kamawa: Ina Aka Kwana kan Tsirar da Sabon Ƙashi?

Tambaya: Likita, ƙanena ya karye a ƙwauri a hatsarin babur, wata tara ke nan ƙashin bai kama ba. An ce a ƙasashen waje ana tsirar da ƙashi da ƙwayoyin ɓargo. Mu sayar da gona mu kai shi?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, kada ku taɓa gonar nan.

Abin da ka ji yana da tushe. A 1965 likita Marshall Urist na Amurka ya gano cewa cikin ƙashi akwai abin da ke sa jiki ya gina sabon ƙashi, sinadarin da ake kira BMP. Tun 2002 likitocin can ke amfani da nau'insa na BMP-2 a ɗakin tiyata. Sai dai ba ya jimawa a wurin da aka zuba shi, dole a zuba da yawa, yawan kuma kan jawo kumburi, wani sa'in ma ƙashi ya tsiro inda ba a so.

Shi ne masana suka ce to a ɗebo ƙwayoyin asali daga ɓargon majinyaci, waɗanda da ma su ke rikiɗa su zama maginan ƙashi, a cusa musu ƙwayar gadon da za ta sa su riƙa haɗa sinadarin da kansu, sannan a zuba su cikin giɓin ƙashin da ya karye. Can za su zauna bakin karayar suna fitar da shi kaɗan-kaɗan, suna kuma gini. A 1999 Jay Lieberman da abokan aikinsa suka cike giɓin ƙashin cinyar ɓeraye ta haka. Dabarar tana burge ni ƙwarai.

Amma ɓera ba mutum ba ne. Har yau wannan haɗi yana matakin gwaji, bai zama maganin da ake ba masu karaya a asibiti ba. Duk wanda ya yi maka tayinsa a kwalba ko a allura, kuɗinka yake so.

Ku kai yaron asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano, a ɗauki sabon hoto. A duba ko ƙashin ya yi mugunya a ciki, don muddin tana nan da wuya ya kama. A auna sukarinsa. In yana shan taba ya bari yau. In kuma kuna kai shi wurin mai ɗori ana sake murɗa ƙafar, ku daina.

Likita na iya ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa ya cike wurin, ya ɗaure da ƙarfe. In giɓin ya yi faɗi, akwai ƙarfen Ilizarov, wanda ake jan ƙashi da shi milimita 1 kullum har ya cike. Aikin na bukatar watanni, don haka ku shirya wanda zai riƙa raka shi.