Yadda Za Ka Ci Moriyar Ziyarar Gidan Tarihin Kochanowski

Ɗalibi ko ma'aikaci mazaunin Poland, idan ka samu hutu, ka ware yini guda don ƙauyen Czarnolas, wanda ake furtawa "Carnolas". Nan ne Jan Kochanowski, babban mawallafin waƙoƙin ƙasar a ƙarni na 16, ya koma da zama bayan ya bar aikin sakatare a fadar Sarki Sigismund Augustus. Ya yi karatu a Padua ta Italiya, ya ƙware a Latin, amma waƙoƙinsa mafi daraja da harshen uwa ya rubuta su.

Abu na farko, kada ka je ba ka karanta komai nasa ba. Nemi Treny, waƙoƙin makoki 19 da aka buga a 1580, waɗanda ya yi wa 'yarsa Urszula da ta rasu ba ta cika shekara uku ba. Akwai fassarar Ingilishi ta Seamus Heaney da Stanisław Barańczak. Wanda ya san baƙin cikin mahaifin nan, kowane ɗaki zai yi masa ma'ana.

Na biyu, shirya hanya tun da wuri. Daga Warsaw ka hau jirgin ƙasa zuwa Radom, sannan mota zuwa Zwoleń, garin da ke kusa da ƙauyen. Motocin haya ba su da yawa a karkara, don haka ka san ta dawowa kafin ka tashi. Ka tabbatar da ranakun buɗewa, domin yawancin gidajen tarihin Poland a rufe suke ranar Litinin. Riƙe guzurinka ma.

Na uku, ka san abin da kake kallo. Gidan mawallafin na asali ya ƙone a 1720. Ginin da za ka shiga iyalan Jabłonowski ne suka yi shi a ƙarni na 19, aka mai da shi gidan tarihi a 1961. Ka daɗe a gaban tsohuwar ƙofar ƙarfe da kujerar da ake dangantawa da shi, ka duba tsofaffin bugun littattafansa, musamman fassarar Zabura ta 1579. Daga nan fita lambu. Ƙaramin cocin da ke ciki kan harsashin tsohon gidan yake, kuma akwai ginshiƙin dutse a gurbin bishiyar lipa da ya yi wa waƙa. Ƙarshen Yuni zuwa Yuli irin waɗannan bishiyoyi ke fure, lokacin ya fi daɗin zuwa.

A hanyar dawowa ka tsaya a cocin Zwoleń, inda aka binne shi bayan rasuwarsa a Lublin a 1584. Wurin ibadar mutane ne, ka shiga da natsuwa.

Kada ka yi gaggawa, ɗan'uwa. Ka je da littafin rubutu, ka ga yadda al'umma ke girmama wanda ya ɗaukaka harshenta.