Idan Kwanon Wanke Hannu Ya Toshe

Kwanon wanke hannu na banɗaki ba ya toshewa a rana ɗaya. Da farko ruwa yakan riƙa tafiya a hankali. Daga nan sai ka ji yana ƙara kamar mutum na kurkure baki. Wata rana da safe sai ka tarar ruwan ya tsaya cak, kumfar sabulu a sama, ga wari.

Kafin ka aika a kira mai gyaran famfo, tsuguna ka leƙa ƙarƙashin kwanon. Za ka ga bututun ya lanƙwashe kamar harafin U, ko kuma ka ga wani abu mai kama da ƙaramar kwalba. Da gangan aka yi shi haka. Kullum ruwa kaɗan yana kwana a wurin, shi ne yake tare warin kwata da kyankyasai kada su biyo bututu su shigo ɗaki. To amma a nan ne datti yake kwanciya. Gashin da aka taje, da guntun sabulu, da man goge baki, da zaren asuwaki, da tukar goro, duk nan suke taruwa su dunƙule. Bututun kuwa siriri ne, yawanci faɗinsa inci ɗaya da kwata, wato milimita 32. Abu kaɗan ya isa ya cike shi.

Fara da mai sauƙi. Kwashe ruwan da ya tsaya da kofi. Samo waya mai ɗan ƙarfi, ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ka zura ta ramin, ka juya, ka jawo. Abin da zai biyo ta ba kyan gani, baƙi ne mai yauƙi, amma sau da yawa shi ke nan matsalar. Ka jefa shi a shara. Sannan ka jiƙa kanwa a ruwan zafi ka zuba, domin kanwa tana yanke maiƙo. Ruwan ya zama mai zafi, amma kada ya zama tafasasshe: bututun roba yana laushi idan zafi ya yi yawa.

Idan bai wuce ba, sai a ɗauko robar nan mai kama da ƙoƙo da sanda a jikinta, wadda ake sayarwa a shagon kayan famfo. A nan mutane da yawa suke shan wahalar banza. Akwai wani ƙaramin rami a jikin kwanon, ƙasa da bakin famfo, wanda ruwa ke bi idan kwano ya cika. Idan ba ka toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma ba, iska za ta riƙa fita ta can, kai kuma kana ta gumi. Toshe shi, ka tara ruwa har ya rufe robar, ka kifa ta a kan ramin ƙasan kwanon, ka danna ka saki da ƙarfi kamar sau goma sha biyar.

Idan har yanzu shiru, sai a kwance gwiwar, wato lanƙwasar nan ta ƙarƙashin kwanon. Sa bokiti a ƙarƙashi. Kama murfin gwiwar da hannu ka juya shi hagu. Ba a sa wa roba guduma ko filaya, tsagewa take yi. Ruwa mai wari zai zubo, kada ka damu. Ka lura da zoben roba da ke ciki, ka ajiye shi a gefe, don idan ya ɓata kwanon zai yi ta yoyo. Wanke gwiwar da tsohon buroshi a cikin wani bokitin. Kuma kada ka yi kuskuren juye ruwan dattin a cikin kwanon da ka kwance wa bututu. Ni na taɓa yi, a kan ƙafata ya sauka.

Wasu suna zuba soda irin ta haɗa sabulu, wasu ruwan batir. Waɗannan suna ƙona fata, suna iya makantar da ido, kuma idan ba su buɗe bututun ba, suna nan kwance suna jiran hannun wanda zai kwance shi. Kada ka taɓa haɗa Hypo da maganin wanke masai, domin hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Bayan ka wanke gwiwar, sai ka mayar da zoben, ka ɗaure ta da hannu, ka buɗe famfo. Shafa busasshen tsumma a mahaɗar ka gani ko ya jiƙe. Idan gwiwar fes take amma ruwa bai tafi ba, ko kuma makwararar wanka ita ma ta tsaya, to toshewar tana can cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa. Wannan kam aikin mai gyaran famfo ne.