Dukiyar Waƙafi da Kasuwar Hannun Jari a Lokacin Tsadar Rayuwa

 

A tarukan da muka yi da kwamitocin masallatai cikin shekarar 2024, daga nan Augie har Argungu da Birnin Kebbi, tambaya ɗaya ta yi ta dawowa: kuɗin waƙafin da ke asusun gidauniya, a bar su a kwance ne, ko a saka su a kasuwar hannun jari, tunda ana jin labarin tana ta hawa? Wani dattijo daga cikin masu ba da gudummawa ya ce shi tsoronsa kada a wayi gari kasuwar ta rushe da dukiyar marayu a ciki. Tsoron nasa yana da tushe, amma barin kuɗin a kwance ma asara ce, sai dai ita ba ta da ƙara.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin ɗari a Disamban 2023, sannan kashi 34.80 a Disamban 2024. A ƙaddara wani bawan Allah ya yi waƙafin naira miliyan 10 a ƙarshen 2022, aka ajiye su ba a taɓa ko kwabo ba. A takarda suna nan miliyan 10 cif, mai binciken lissafi zai sa hannu, babu wanda zai ce an ci amana. Amma abin da za su iya saya a yau bai kai abin da miliyan 6 ke saya a wancan lokaci ba. Mai kula da ciyar da marayu ba ya buƙatar wannan lissafi, ya riga ya gani a kasuwar Argungu, inda muke noma shinkafar da hannunmu amma kuɗin buhu ya ninka. Sanadin ba ɓoyayye ba ne: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ake saya a wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Manomin fadamar Rima da ke ban ruwa da inji ya ji wannan a jikinsa tun kafin a faɗa a rediyo.

Maganin da Babban Bankin Najeriya ya ɗauko shi ne ƙara kuɗin ruwa. Ma'aunin da yake kashi 11.5 a farkon 2022 ya kai 18.75 a Yulin 2023, sannan a ƙarƙashin gwamnan bankin Olayemi Cardoso aka ɗaga shi sau shida cikin 2024, har ya tsaya a 27.5 a watan Nuwamba. Manufar ita ce a sa bashi ya yi tsada, kuɗi su ragu a hannun jama'a, farashi ya lafa. Haka aka yi a Amurka a 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 9.1, kuma a shekarar babban ma'aunin kasuwarsu ya faɗi da kusan kashi 19. Dalili kuwa shi ne, idan gwamnati na biyan ruwa mai tsoka a kan takardun lamuninta, masu kuɗi sukan janye daga hannun jari su koma can. Kamfanin da ke aiki da bashi ribarsa ta tafi a biyan ruwa. Mai saye kuma aljihunsa ya yi sauƙi. Idan aka matsa da yawa, sai masana'antu su rage ma'aikata, tattalin arziki ya koma baya.

Abin mamaki, kasuwarmu ta Legas ba ta bi wannan ƙa'ida ba. Babban ma'auninta ya hau da kusan kashi 46 a 2023, ya ƙara kusan kashi 38 a 2024, ya rufe shekara sama da maki 102,000. Wannan shi ne labarin da ya ja hankalin 'yan kwamiti. Sai dai a ɗora kashi 38 ɗin a gefen kashi 34.80 na hauhawar farashi, za a ga ribar gaskiya 'yar kaɗan ce; wanda ya saka kuɗinsa ya tsira da jarinsa ne, bai yi arziki ba. Kuma hawan bai game kowa ba. A 2023 bankunan da ke mu'amala da ruwa suna cikin waɗanda suka fi cin riba, alhali mu ba mu da halin sayen hannun jarinsu, su kuwa kamfanoni irin su MTN da Nestlé na Najeriya asara suka bayyana a shekarar, saboda bashin dala da ya yi musu nauyi bayan faɗuwar naira.

Game da tsoron dattijon nan, tarihi yana bayansa. A watan Maris na 2008 ma'aunin ya haura maki 66,000, mutane suna cin bashin banki suna sayen hannun jari. Kafin shekarar ta ƙare ya sauko wajen 31,000, kuma bai sake taka matsayinsa na farko ba sai a watan Agustan 2023. Shekara goma sha biyar ke nan. Yaron da aka yi wa waƙafin kuɗin makaranta a 2008 ya gama karatu, ko ya bar shi, kafin jarin ya dawo, balle a yi maganar darajar nairar da ya dawo da ita. Ban yarda da duk wanda zai zo gaban kwamiti ya ce ya san inda kasuwa za ta kwana a baɗi ba. Abin da za a iya faɗa shi ne, muddin kuɗin ruwa na sama kuma jama'a na fama da abin sakawa a baka, kamfanin da bashi ya yi wa katutu yana cikin haɗari, wanda ke sayar da abin da ba a iya rabuwa da shi kuma ba ya dogara da rance ya fi kusa da tsira.

A nan dole a raba zakka da waƙafi, domin wasu kwamitoci suna haɗa su a asusu ɗaya, kuma wannan kuskure ne. Zakka haƙƙin mutanen nan takwas ne da aka ambata a Suratut Tauba, ba dukiyar gidauniya ba ce. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta juya kuɗin zakka, amma da sharaɗin an riga an biya buƙatun gaggawa na mabuƙata kuma an yi tanadin kariya daga asara. Wane ne a cikinmu zai ce an gama biyan buƙatun gaggawa a ƙasar Augie? A shekarar da farashi ke hawa da kashi 30, duk wata guda da aka jinkirta rabo an rage wa talaka mudu. Saboda haka ra'ayina shi ne a raba zakka da zarar ta shigo, kuma manomin da ya kai nisabin wasaƙi biyar ya kawo shinkafarsa ko gerensa yadda suke, ushiri ga noman damina, rabin ushiri ga wanda ya sha wahalar ban ruwa da inji, a miƙa wa mabuƙata hatsin ba tare da an mayar da shi naira ba.

Waƙafi kuwa asalinsa a tsare tushe a ciyar da amfani, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiryar da Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibar. Gona ba ta raguwa don naira ta faɗi. Matsalar tana ga waƙafin tsabar kuɗi, wanda malamanmu na Malikiyya suka halatta, kuma tsare tushensa a yau ba zai yiwu ba sai an juya shi. Ajiyar banki mai ruwa da takardun lamunin gwamnati haramun ne a gare mu, kuma abin lura, ruwan da suka biya a 2024 shi ma bai cim ma hauhawar farashi ba. Akwai sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara a Satumban 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, bisa tsarin ijara. Halal ne a wurin malaman da suka duba shi, kuma yana biyan haya duk wata shida, amma na 2023 kashi 15.75 yake bayarwa, wato a 2024 rage asara ya yi, bai toshe ta ba.

Hannun jari yana halatta idan sana'ar kamfanin halal ce. Ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta ƙara cewa bashin ruwan da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigarsa na haram kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi a bayar ba da niyyar sadaka ba. Tun 2012 akwai ma'aunin Lotus a kasuwar Legas mai tace kamfanoni bisa shari'a. Sharaɗin bashin nan, wanda aka sa don tsare addini, shi ne kuma yake kawar da mu daga kamfanonin da tsadar ruwa ta fi kayarwa.

Shawarar da ofishin sakatare zai gabatar wa kwamitin amintattu ita ce, mafi yawan sabon waƙafi ya tafi ga abin da ake gani da ido, kamar shagunan haya da gonakin da ba sa bakin ambaliya, domin ba mu manta da ruwan 2020 ba. Wani kaso ya tafi ga sukuk don samun kuɗin gudanarwa a kan kari. Hannun jari ya zama ƙaramin kaso, daga kuɗin da ba za a buƙata ba nan da shekara biyar, ta hannun dillali mai lasisin hukumar kula da kasuwar, ba da bashi ba, kuma da rubutaccen izinin mai waƙafin idan yana raye. Muna kuma roƙon kowane kwamitin masallaci, daga rahoton baɗi, ya rubuta adadin kuɗin waƙafinsa, a gefensa kuma ya rubuta buhun shinkafa nawa kuɗin za su saya a ranar da aka rufe lissafi.