Shekara Nawa Ake Kaiwa Kafin Shiga Majalisar Jiha?

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya tambaya: shekara nawa mutum zai kai kafin ya tsaya takarar ɗan majalisar dokokin jiha a Najeriya, kuma akwai matasan da suka taɓa yin nasara?

To Malam, mun gode. A da, sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sai mai shekara 30. A ranar 31 ga Mayu 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya sauko da ita zuwa 25, ga majalisar jiha da ta wakilai. Ta shugaban ƙasa ta dawo 35 daga 40. Sauran sharuɗɗan su ne zama ɗan ƙasa, da ilimin sakandare, da kuma jam'iyyar da za ta tsayar da kai.

Matasa kuwa sun shiga. A jiharku ta Zamfara, Nasiru Mu'azu Magarya ya zama kakakin majalisa a 2019 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A 2023, Rukayat Shittu ta ci kujera a majalisar Kwara tana da shekara 26.

Sai dai har yanzu dattawa ne suka fi yawa a zaurukan, kuma babban dalili kuɗi ne. A 2022 jam'iyyar APC ta sa naira miliyan 2 a fom ɗin wannan kujera, ban da hidimar 'yan deliget da yawon kamfe. Saboda haka mai niyya ya fara daga mazaɓarsa, ya yi rajistar jam'iyya, ya riƙa halartar tarukanta, ya yi wa unguwarsa aikin da za a gani.